Saƙon Baba da Minti Biyun Geneva

Tun da na dawo daga Geneva ban huta ba. A masallacin ma'aikata, a wurin mai shayi na bayan sakatariya, har a gidan suna, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Barista, yaya Turai?" In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. In na ce akwai sanyi, a ce ai wannan ko wanda bai taɓa wuce Zuba ba ya sani. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina cikin kwanciyar hankali. Sai dai wanda ke jiran labarin dusar ƙanƙara da dogayen benaye ya nemi wani matafiyin. Ni aike aka yi mini, kuma labarin aiken zan bayar.

Ga waɗanda ba su san ni ba, lauya ne ni a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, cikin irin ma'aikatan nan da ke rubuta jawabi wani ya hau mumbari ya karanta a tafa masa. Kun dai ga yadda garin nan ya koma tun da farar hula suka karɓi mulki kuɗin mai ya yi yawa: ka tafi hutun Sallah ka dawo, ka tarar an dasa bene a inda kake ajiye mota. Gini kuwa tsakuwa yake ci, tsakuwa kuma dutse ake fasawa a same ta. Dutsen da ke bayan ƙauyen surukaina, can gaba da Jiwa, wani kamfanin ƙasar waje ne ya same shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ina son aikina.

Shekara uku ke nan, Sale ƙanin matata yana aiki a gonarsa ta doya da hantsi, ma'aikatan kamfanin suka tayar da nakiya ba su busa jiniya ba. Wani ɓangaren dutse ya taso ya sauka a ƙafarsa ta dama. A asibiti a Gwagwalada aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mun kai ƙara kotu, ni na nemo lauyan ma, amma duk zama sai lauyoyin kamfani su zo da sabon dalilin ɗage shari'a. Manajan wurin kuwa amsarsa guda ce kullum: shi ma yaron wani ne, umarni daga waje yake zuwa.

Da labari ya kai ƙauye cewa an sa sunana cikin masu zuwa wani babban taron ƙasashe kan yadda za a riƙa kama manyan kamfanoni da laifin take haƙƙin mutane, surukina ya aiko a kira ni. Na bi ta Dei-Dei ranar Asabar, ina bayan tifofin tsakuwa har na kusa isa. Na tarar da Baba a zaure, Sale na gefe ya jingine sandunansa a bango. Na durƙusa muka gaisa, muka sake gaisawa. Baba ba ya kiran sunana, Malam yake ce mini.

Ya ce, "Malam, an ce za ka garin masu dutse."

Na ce, "Ba garinsu ba ne sosai, Baba. Taro ne na gwamnatoci, za a tattauna yadda za a tsara doka."

"Masu kamfanonin za su zo?"

"Wakilansu za su zo."

"To shi ke nan. Mu nan in shanu suka shiga gonar mutum, ba ya tsayawa cacar baki da mai kora su. Gidan mai shanun yake zuwa. Shekara uku muna fama da mai kora." Sannan ya ce, "Ban aike ka roƙo ba. Ka tashi a gaban jama'a ka ce akwai wani Sale, ga abin da dutsenku ya yi masa, kuma har yau babu wanda ya tako ƙofar gidan nan. In sun ji sun yi shiru, su da Allah. Amma su ji."

Na ce in sha Allahu, irin wadda muke faɗa a ofis in an kawo fayil ranar Juma'a. Baba bai san akwai irin wannan ba, sai ya ce madalla. Ya sa aka fito da takarda wadda magidantan ƙauyen suka dangwala wa yatsa, da manyan doya biyu, da kwalbar zuma. Na tambaye shi na mene ne. Ya dube ni kamar yau ya fara shakkar auren da ya ba ni, ya ce ana zuwa wurin babban mutum hannu rabbana? Ko ƙararsa za ka kai masa, ka fara ajiye gaisuwa.

Neman biza ya ci mini mako uku. Na kai takardar aiki, da ta aure, da ta haihuwar yara, da hotuna waɗanda aka mayar da ni sau biyu a kansu saboda kunnena ɗaya bai fito ba. Wata baiwar Allah a bayan gilashi ta tambaye ni mene ne tabbacin zan dawo. Na so in ce mata injiniyoyin ƙasashensu da ke fasa mana duwatsu ba wanda ya tambaye su tabbacin za su koma, amma na ce ina da mata da 'ya'ya huɗu. Ta buga hatimi.

Shugaban tawagarmu Daraktana ne, Alhaji, mutum mai fara'a wanda ya je irin wannan taro har fasfonsa ya cika. Tawagar kuwa ni da shi ce. A filin jirgi ya ja ni gefe ya ce, "Barista, bari in ba ka lacca kyauta. Mu 'yan kallo ne. Gwamnati tana neman masu zuba jari ido rufe, kar ka je ka buɗe baki ka kore mata su. In an ba mu dama, mu yi godiya, mu ce muna nazari. Ka gane?" Na ce na gane, Oga. Takardar Baba tana aljihuna na ciki, ina jin ta kamar ƙaya.

Jirgi dai jirgi ne, ba zan cika ku da labarinsa ba, illa cewa an ba ni wani abu a ƙaramin faranti na ci rabi kafin na gane kayan zaƙi ne na haɗa da kaza. Matsala ta fara ne da muka sauka. Wani jami'in kwastan, saurayi mai ladabi, ya buɗe akwatina ya ci karo da doyar Baba naɗe a cikin shaddata. Ya ɗaga ɗaya da hannu biyu yana juyawa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya juya. Na ce abinci ne, kyauta ce. Suka nuna mini ƙasar da ke manne a jikinta, suka yi mini bayani a natse cewa ƙasar wata nahiya ba ta shiga ƙasarsu, don kada ta kawo wa gonakinsu cuta. Na ga hikimar abin, wallahi. Mutanen nan sun san darajar gona. Aka jefa doyar Baba a wani durom mai murfi, aka ba ni takarda na sa hannu. Zumar ta tsira don tana cikin takalmina, ba su kai can ba. Alhaji yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, wai a shekarunsa na tafiya bai taɓa ganin wanda ya kawo wa Bature doya ba.

Masaukinmu ba a Geneva yake ba. Alhaji ya san wata tsohuwa a wani ƙaramin gari a tsallaken iyaka, cikin Faransa, mai ba da hayar ɗakuna biyu a saman gidanta. Saboda haka kullum da safe sai mu hau bas mu bar wata ƙasa mu shiga wata, da yamma mu komo. Ranar farko na fito da fasfo na riƙe a hannu, na gyara zama ina jiran a ce kowa ya sauko. Har muka isa ban ga inda iyakar take ba. Ni da ke tsayawa a shinge huɗu tsakanin Zuba da Gwagwalada, a cikin ƙasar haihuwata, abin ya tsaya mini a rai.

Tsohuwar, Madam muke ce mata, tana da kare da dokoki. Shara kala huɗu ce, kowace da bokitinta, kuma na sha faɗa a kan gwangwanin kifi da na jefa cikin takardu. Banɗaki tsaf kamar ɗakin tiyata, amma babu buta. Na yanke gorar ruwa na ajiye a lungu, kullum Madam ta ɗauke ta kai bokitin robobi, kullum in sake yanko wata. Har na bar gidan ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ranar da ta gayyace mu cin abinci, cuku ta narkar a tukunya, aka ba kowa dogon cokali mai yatsu ya riƙa tsoma burodi. Na ci loma uku don kunya. Da muka hau sama Alhaji ya fito da garin kwaki da ƙuli-ƙuli daga ƙasan jakarsa, na gane dalilin da ya sa ya kai darakta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin gaisuwa. Mutum ya shigo bas ya zauna kusa da kai kafaɗa na gugar kafaɗa, ko kallo ba ka ishe shi ba. Rana ta biyu na kasa daurewa, na yi wa wani dattijo barka da asuba da ɗan Faransancin da na haddace, na ƙara da tambayar iyali. Ya dube ni, ya dubi jakarsa, ya tashi ya koma kujerar gaba. Na ce a raina, Allah sarki, mutane ga tsabta ga tsari, amma ba a koya musu komai a gida ba.

Zauren taron ya kai girman filin ƙwallo. Kowace ƙasa da allon sunanta, kowace kujera da abin sawa a kunne, ka murɗa ka ji magana da harshen da kake so, ban da Hausa. A bayan shugabar taro akwai wani babban agogo mai jan lamba. Duk wanda aka ba dama minti biyu gare shi, in suka cika na'urar maganarsa ta mutu da kanta, ko jakada ne ko minista. Na ga an yanke wa wani mai furfura magana a tsakiyar kalma, ya tattara takardunsa ya zauna ba ko gunaguni. A Abuja da sai an nemi wanda ya taɓa wayar an yi masa canjin wurin aiki.

A nan na haɗu da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ke aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙin manoma. Hulata ya gani ya matso ya ce, "Bahaushe, me ya kawo ka wannan wahala?" Na ji kamar in rungume shi. Ya ce ya daɗe yana zuwa wannan taro, tun gemunsa na baƙi. Muna shan shayi na ba shi labarin Sale, na nuna masa takardar. Ya karanta har ƙasa, ya bi sawun yatsun da ido ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mini.

Ya ce, "Kai lauya ne, ka san abin da zan gaya maka, so kake ka ji daga bakin wani. Dokar duniya gwamnatoci take ɗaurewa, ba kamfanoni ba. Kamfani sai dai a roƙe shi ya zama mutumin kirki, in ya ga dama. Ka je kotun ƙasarsu, su ce abin a Nijeriya ya faru, ku koma can. Ka koma can, ka ga abin da ka gani. Abin da muke fama a kai ke nan, a samu dokar da za ta bi su duk inda suka shiga."

Na ce, "To yanzu wa doka ta ce ya kare Sale?"

Ya miƙa hannu ya nuna allon da ke gaban kujerata, mai sunan ƙasarmu. Ya ce, "Wanda ke zaune a bayan wancan."

Ban ji daɗin shayin ba daga nan. Na zo kai ƙarar mai shanu, ashe ni ne mai gadin gonar.

Kwana uku aka yi ana muhawara. Yini guda cur ya tafi a kan ko za a rubuta dole ne kamfanoni su kiyaye haƙƙin mutane, ko kuwa ya kamata su kiyaye. Ƙasashen da kamfanonin suka fito suka ce a bi a hankali. Ƙasashen da kamfanonin ke haƙa a cikinsu, irin tamu, suka ce suna nazari. Aka kafa kwamiti. Na ji kamar ina gida.

Shayin da ake sha a tsakiyar zama kuwa, da 'yan kek masu daɗi, wasu kamfanoni ne suka ɗauki nauyinsa, kowanne da teburinsa da littattafai masu sheƙi. A rana ta uku na hango tambarin da nake gani a jikin tifofin Dei-Dei. A bayan teburin wata mata ce mai murmushi, ta ce ita ce mai kula da hulɗar kamfani da al'umma. Da ta ji daga Abuja nake, murna kamar ta ga ɗan'uwa. Ta buɗe littafinsu ta nuna mini shafin Nijeriya. Ga hoton famfon burtsatse, ga yara suna wasa da ruwa, ga wani dattijo a gefe yana dariya. Baba ne. Na san famfon, wata biyu ya yi yana aiki, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsa.

Na ce mata wannan surukina ne, kuma ya ba ni saƙo. Na fito da takardar na yi mata bayani. Ba zan yi mata ƙarya ba, matar nan ta saurara, fuskarta ta canza, har ta dafa ƙirji. Sannan ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai, sai dai akwai abin da ya kamata in fahimta. Kamfanin da ke Nijeriya kamfani ne mai zaman kansa, da rajistarsa da shugabanninsa. Su nan hannun jari kawai suke da shi a ciki.

Na ce, "Amma sunanku ɗaya."

Ta ce haka ne.

"Tambarinku ɗaya. Famfon ma ga shi a littafinku."

Ta ce famfon aikin alheri ne na iyalin kamfanin gaba ɗaya, amma abin da ya shafi aikin yau da kullum, kamar fasa dutse, wannan na can ne. Kuma tun da maganar tana kotu, ba ta da izinin karɓar takardar. Ta ba ni wani adireshi na na'ura inda ake shigar da koke. Na tuna ƙauyen da ko wutar lantarki babu, na karɓa na gode.

Sai na tuna da zumar, wadda nake yawo da ita a jaka kwana uku. Na fito da ita na ajiye a teburin da hannu biyu, na ce gaisuwa ce daga dattijon da ke cikin hoton. Matar ta ja da baya kamar na ajiye maciji. Ta ce ta gode matuƙa, amma ƙa'idar kamfaninsu ta hana karɓar kyauta daga wanda ke da ƙorafi, suna da tsauri sosai a kan ɗa'a. Na mayar da kwalbar jaka. Malam Isufu ya karɓe ta daga baya, ya ce shi ƙungiyarsu ba ta kai wannan matsayi na ɗa'a ba.

Saura rana ɗaya, kuma a ranar ƙarshe ake buɗe fili kowace tawaga ta faɗi ra'ayinta, wakilan kamfanoni suna zaune a sahun baya suna ji. Da safe Alhaji ya ce shi zai shiga gari, Hajiya ta ba shi jerin sayayya, ga agogon da Babban Sakatare ya ce a duba masa. Ya ce in zauna a kujera kada a ga wurin Nijeriya babu kowa. Yana fita na je na sa sunan ƙasarmu a jerin masu magana.

Na zauna na tsara abin da zan faɗa a bayan takardar Baba. Sunan Sale, shekarunsa, gonar doya, jiniyar da ba a busa ba, shekara uku a kotu, da tambaya guda: in kamfani zai iya tsallaka iyaka ya kwashi riba, me ya hana alhaki tsallakawa ya bi shi? Malam Isufu ya riƙe agogo na karanta masa sau uku a bakin matakala. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ya ce, "Ka shiga kai tsaye. Sunan yaron ya zama kalmarka ta farko. Nan ba a sallama."

Wajen sha biyu saura aka kira Nijeriya. Fitilar na'urata ta kama. Na ɗaga kai na ga shugabar taro, dattijuwa mai farin gashi, sa'ar mahaifiyata, ta zuba mini ido tana jira. Ga jakadu jere, ga manyan mutane. Ni kuwa shekara goma sha biyar ina rubuta jawabai, kuma ban taɓa rubuta wanda shafinsa na farko ba gaisuwa ba ne. Ta yaya zan buɗe baki a gaban wannan uwa in fara da ƙorafi kamar wanda ba shi da iyaye? Na ce bari in yi mata guda ɗaya, gajeriya.

Na gaishe da shugaba. To an gaishe da shugaba a bar mataimakanta biyu suna kallo? Na gaishe su. Na gaishe da masu girma jakadu da shugabannin tawagogi. Na isar da gaisuwar mai girma Minista, wanda ya so halarta ayyuka suka riƙe shi, da ta Babban Sakatare, da ta Daraktana. Na gode wa ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu bisa karamcinta, ƙasar da ta jefa doyar Baba a durom. Na yaba wa shugaba kan hikimar da take tafiyar da zama. Bakina yana ta zuba kamar an kunna rediyo, ina jin Malam Isufu yana tari a baya, tarin da ba na mura ba. Da na ɗaga ido, jan agogon nan yana nuna saura daƙiƙa tara.

Na ce, "A wani ƙauye kusa da babban birninmu, akwai wani matashi..."

Fitilar ta mutu. Shugaba ta yi murmushi ta ce tana gode wa wakilin Nijeriya bisa kyawawan kalamansa, ta kira ƙasa ta gaba.

Da farko na riƙa gaya wa kaina cewa sabo ne ya ci ni, tarbiyya ce ta yi mini yawa. A jirgi na dawowa na daina wannan ƙaryar. Sabo yana ciki, amma tun ina gaishe da mataimaki na biyu na san agogo na tafiya, kuma wani ɓangare na zuciyata yana jin sanyi da tafiyarsa. Na ga fuskar Alhaji, na ga takardar tuhuma, na ga gidan gwamnati da nake ciki da yara huɗu. Tsoro ne ya samu wurin ɓuya mai mutunci, ya shige. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da nake.

Malam Isufu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi so. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu, ka zama ɗan gida. Haka kowa yake yi a nan, kai dai naka ya fi tsari." Alhaji kuwa da ya dawo da ledoji ya ji cewa na yi magana, sai da ya zauna. Da aka ba shi rubutaccen abin da na faɗa ya karanta, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Barista, ashe kai ɗan difilomasiyya ne! Ka yi magana minti biyu ba ka ce komai ba. Wasu sai sun shekara goma kafin su iya wannan." Ya ce zai sa sunana a tafiyar baɗi.

Na yi mako biyu a Abuja ina ƙirƙiro aiki kafin matata ta ce Baba yana tambaya. Na tafi ranar Lahadi da tsarabar cakulan da ta narke a hanya. A mota na shirya jawabi mai kyau: an gabatar da batun, ana nazari, an kafa kwamiti. Duk gaskiya ne, kuma na san Baba zai karɓa ya sa mini albarka. Amma da na durƙusa a zauren nan, ga shi ga Sale ga dattawa uku da suka dangwala yatsa, sai jawabin ya ƙi fitowa. Na faɗa musu yadda aka yi, tun daga doya har agogo. Ban rage komai ba, har da tsoron.

Baba ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce, "Ka dai gaishe su duka?"

Na ce, "Duka, Baba."

Ya ce, "To. Ba za su ce ba mu da tarbiyya ba." Ban san ko ta'aziyya yake yi mini ko yanka ba, kuma ban isa in tambaya ba.

Sale ne ya gyara zama. Ya ce, "Yaya, da ka fara maganar tawa, har ina ka kai?"

Na ce, "Na ce akwai wani matashi."

"Sunan bai fito ba?"

"Bai fito ba."

Ya yi 'yar dariya, ba ta fushi ba, ya ce, "Ai matasa suna da yawa, Yaya."

Ya jawo sandunansa ya miƙe. Ba a kira la'asar ba tukuna, amma shi sai ya riga kowa tashi kafin ya samu jam'i.